Wa ke duba iskar da muke kwana da ita a ɗakunanmu?

Hunturun shekara biyu da suka wuce saura ƙiris mu rasa ƙanwata da jaririnta, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Tana aure a wata unguwa ta awon igiya a gefen Kano, gidan haya ne mai ɗaki tara, ita tana ciki da falo na can ƙurya. Mijinta direba ne ya yi tafiya, sanyi ya sauko irin wanda ruwan randa ke gagarar taɓawa, yaron kuma wata huɗu yana ta mura, sai ta hura gawayi a kurfoti ta shigar da shi ɗaki don ya ɗan ɗumama, ta ja ƙofa ta sa sakata. Tagar dama tun farkon hunturu ta toshe ta da kwali da leda saboda ƙura. Allah ne ya sa matar ɗakin da ke kusa da nata ta tashi da asuba ta ji shiru, ta saba jin kukan yaron a wannan lokacin, ta buga ta buga ba amsa sai da ta taso mijinta suka ɓalle ƙofar. Da na isa an fito da su tsakar gida, ta farfaɗo tana amai, abinda kawai take iya cewa shi ne Yaya kaina zai tsage, Yaya ina yarona. Yaron kuwa jikinsa ya saki kamar tsumma.

Tsofaffin gidan suka ce iska ce ta shafe su, a nemo mai ruƙiya. A asibiti kuwa tambayar farko da ma'aikaciyar jinya ta yi mana ita ce da me suka kwana a ɗakin? Muna cewa gawayi ta ce a sa musu oksijin maza. To iska ce ɗin kam, amma iskar ɗakin ce da kanta ta zama guba.

Bayan an sallame su na koma na shiga ɗakin ni kaɗai, na cire kwalin na buɗe tagar. Wallahi abinda na gani bango ne. Katangar gidan baya ce a gabana, tsakaninta da tagar bai kai kamu biyu ba, ƙasa kuma shara ce da ledoji suka cika ratar. Falon nasa windon a cikin lungun gidan yake buɗewa, lungun kuma an rufe samansa da kwano tun daga ƙofar shiga har bayi. Wato ko da ba ta toshe tagar ba babu inda iska za ta shigo ta ratsa ta fita. An dai huda bango an sa ƙarfe da gilashi don in mai neman haya ya zo dillali ya nuna masa ya ce ga windo nan Malam. Tun daga ranar na daina ganin laifin ƙanwata ita kaɗai, duk da na yi mata faɗa sosai kan gawayin. Wani ne ya zana wannan gida ko da a kansa ne, wani ya gina, wani yake karɓar kuɗin haya duk shekara, kuma a cikinsu babu wanda doka ta taɓa tsayarwa ta tambaye shi ta ina mutanen ciki za su numfasa.

Bari in ɗan yi bayanin gubar don da yawanmu ba mu san ta ba. Duk abinda ke ci da wuta, gawayi ne ko itace ko kananzir ko fetur, in bai samu isasshiyar iska ba yana fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ka farga. Hayaƙin da kake gani yana sa ka hawaye daban, ita daban, shi ya sa mace za ta ce ai na bari gawayin ya ruru hayaƙin ya gama fita kafin in shigar, alhali garwashin da ya yi jajur ɗin nan yana nan yana fitar da ita. In ta shiga huhu sai ta kama sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin, kuma kamun da take masa ya fi na oksijin ƙarfi sama da sau 200, sai jini ya yi ta zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abinda suke buƙata. Farko ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya, mutum ya ɗauka zazzaɓi ne zai kama shi ya ƙara jan bargo. In yana barci kuwa shi kenan daga nan sai a wuce.

Na janareta ma ya fi muni, don inji ɗaya yana fitar da wannan guba ninkin ba ninkin na kurfoti. Sau nawa muka ji a rediyo an wayi gari an tarar da iyali guda a mace, ko amarya da ango, ko masu gadin shago, a ce sun kwana da inji a kunne a baranda ko a kicin ko a ƙarƙashin matattakalar bene. Mu yi innalillahi, a yi jana'iza, a ce kwana ne ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, babu mai jayayya da ƙaddara, amma addininmu bai taɓa hana a binciki sababi ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka shawararta ita ce a ajiye janareta a waje, aƙalla ƙafa 20 daga gida, nesa da ƙofa da taga. To dan Allah a filin hamsin-hamsin, wani ma rabin haka, wanda aka gine shi tas daga iyaka zuwa iyaka ba a bar ko wajen shanya ba, ina za ka samo ƙafa ashirin? In ka fitar da shi titi kafin ka idar da sallar isha an ɗauke. Dole ya kwana a lungu salansarsa na kallon tagar wani.

Kuma ba mutuwar dare ɗaya kaɗai ba ce matsalar, ita ce dai ake gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, galibi ta girki da itace da gawayi da kananzir, tana kashe kusan mutum miliyan uku duk shekara a duniya, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙa. Ka ƙara da namu na gida, igiyar leko da ake kunnawa a rufe ɗaki har safe, fiya-fiya da ake yayyafawa a shiga a kwanta tun warin bai fita ba, turaren wuta, risho a cikin ɗakin kwana lokacin damina. Duk a ɗaki ɗaya mai mutum shida.

Sai cututtukan da ke bin numfashi. Mu nan muna cikin yankin da ake kira zirin sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal har Habasha, kuma duk wanda ya kai shekara arba'in a Kano ya san abinda ya faru a 1996, lokacin da sanƙarau ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ya kashe sama da 11,000. A 2017 ya dawo ta Zamfara da Sakkwato da Katsina, sama da mutum 14,000 aka yi zargin sun kamu, sama da 1,100 suka rasu. A farkon 2024 ma mun ji yadda ya shiga makarantun kwana a yankin Potiskum ya ɗauki ɗalibai. Riga-kafi shi ne babban makami, wannan ba na musu, kuma abin alfahari ne cewa Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar nan mai kare nau'i biyar a 2024. Amma duk shekara in zafi ya shigo za ka ji sanarwa a rediyo, jama'a a guji kwana a cunkushe, a riƙa buɗe tagogi. Ni kuma sai in tuna ɗakin ƙanwata in ce wace tagar? Haka tarin fuka, wanda Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi fama da shi a Afirka, ƙwayar cutar tana iya rataye a iskar ɗaki na sa'o'i bayan mai ita ya yi tari, in iska na ratsawa ta kwashe ta, in ɗakin a toshe yake kowa ya samu rabonsa. Haka ƙyanda. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 shi ma cunkoso abokinsa ne.

Abin da ke ƙara ba ni takaici shi ne kakanninmu ba haka suka yi gini ba. Je ka Gidan Makama ko wani tsohon gida a cikin birni da tsakar rana a watan Afrilu ka shiga soro ka ji. Bangon ƙasa mai kauri, rufin azara mai tsawo, 'yar taga can sama kusa da rufi inda zafi ke taruwa ya fita, sannan ga tsakar gida fili fetal, girki a waje, hira a waje, in zafi ya yi kowa ya fito da tabarmarsa ya kwana yana kallon taurari. Ɗakin kansa ba wai ya cika iska ba ne, a'a, rayuwar ce rabinta a waje take. Mu kuma muka ɗauko bulo da kwano da silin mai taɓa kai, muka cinye tsakar gidan muka mai da ita ɗakuna don kuɗin haya ya ƙaru, muka cire luba da ke buɗewa gaba ɗaya muka sa silaidin na alminiyon wanda komai ƙoƙarinka rabi kawai zai buɗu, wai shi ne yayi. Gini ne da aka yi shi don esi a garin da nepa ke kawo wuta awa huɗu in an yi sa'a. Kwanan waje kuma ɓarayi da masu ƙwacen waya sun hana, ƙarfe goma kowa ya shige ya datse.

To ina hukuma? A Kano akwai KNUPDA, ita ke ba da izinin gini, kowace jiha da irin tata. Akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar tun 2006, wanda har yanzu bai zama abinda ake tilasta wa mai ginin gidan haya a unguwa ba. Akwai majalisar da ke yi wa jami'an tsaftar muhalli rajista tun dokar 2002. A takarda ba mu rasa komai ba. Amma mafi yawan gidajen da talaka ke haya a ciki ba su taɓa ganin tebur ɗin wani jami'i ba, mai fili ne da birkila suka tsaya suka shata da ƙafa, nan ɗaki nan ɗaki nan bayi. Wanda ma ya kai zane aka buga masa hatimi, abinda aka zana daban abinda aka gina daban, kuma in an zo dubawa abinda ake kallo shi ne ko ya ci titi, ko ya hau magudanar ruwa, ko yana da takarda. Waɗannan duk suna da muhimmanci. Sai dai ban taɓa jin an hana mutum saka 'yan haya don ɗakunansa ba su da mashigar iska ba.

Inaga dalilin shi ne rushewar gini tana da hoto. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas a Nuwamban 2021 ya kashe sama da mutum arba'in, wanda ya faɗi a titin Beirut nan Kano a 2022, makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos a Yulin 2024 mutum 22 suka rasu, duk mun gani a waya, gwamnoni sun je, an kafa kwamiti. Amma yaron da ya mutu da ciwon huhu a ɗakin da ba taga ba wanda zai ɗauki hoton ɗakin, za a rubuta nimoniya a kati a rufe.

Iyayenmu suna ba mu labarin duba-gari. In aka ce ga duba-gari nan unguwa ta ɗauka, mata su hau wanke randa da share kwata, don zai shigo har ciki ya leƙa tulu ya duba shadda, in ya ga ƙazanta sai kotu. Makarantar koyon tsafta ta Kano tun zamanin Turawa take yaye su kuma har yanzu tana yi, yara na gamawa suna zaune ba aiki. Ni ra'ayina a dawo da duba-gari da ƙarfinsa, amma a ƙara masa aikin duba iska, kuma kada a fara da ɗakin talakan da ya gina da guminsa yake zaune da iyalinsa, wannan a bi shi da wa'azi da nuni. A fara da duk wanda ke karɓar kuɗi don ya tara mutane a ƙarƙashin rufi. Mai gidan haya, mai makarantar kuɗi da ya mai da gidan kwana ajujuwa ya zuba yara sittin a ɗakin da aka yi don gado ɗaya, masu hostel na ɗalibai, islamiyyu da makarantun allo masu ɗakin kwana, asibitocin kuɗi, gidajen kallon ƙwallo da ake rufewa ruf da inji a bakin ƙofa, shagunan ƙarƙashin bene a kasuwa. Gwamnati kuma ta fara da nata makarantun kwanan da ɗakunan jiran asibitocinta da gidajen gyaran hali kafin ta taɓa kowa, in ba haka ba ba wanda zai saurare ta.

Ba wani abu ne da ba a taɓa yi ba. A Suwidin tun farkon shekarun 1990 doka ta wajabta a riƙa duba hanyoyin iskar gine-gine lokaci-lokaci, makarantu da wuraren renon yara duk shekara uku, mai ginin ne ke da alhakin kiran mai dubawa. Beljiyam bayan korona ta yi doka a 2022 kan iskar wuraren da jama'a ke taruwa, har da saka na'urar auna iska. A Ingila ƙa'idarsu ta ce ɓangaren taga da ke buɗuwa ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin ashirin na faɗin ƙasan ɗakin, kuma masu ba da haya dole su saka ƙararrawar da ke kuka in kabon monoksaid ya taru a ɗakin da ke da abin ɗumama mai ci da wuta. Kuma su ma sai da rai ya salwanta suka ƙara tsanantawa, wani yaro ɗan shekara biyu Awaab Ishak, iyayensa 'yan Sudan ne, ya rasu a Rochdale kusa da Mancesta a Disambar 2020 saboda fumfunar da ta cika gidan hayarsu mai ƙarancin iska, iyayen sun yi ta kai ƙara ba a kula ba, daga baya aka yi doka da sunansa da ke sa wa masu gidajen wa'adin gyara. Ban ce mu kwafo nasu ba, ƙasarsu sanyi tamu zafi da ƙura, su injina ke ja musu iska mu taga ce gatanmu. Namu ma ya fi sauƙi. Tef ɗin awo da ido sun isa rabin aikin, taga nawa, ina take kallo, akwai wata a ɗaya bangon da iska za ta fita, nawa ne tsakanin gini da katanga, ina madafi, ina mazaunin inji. Ɗaya rabin kuma 'yar na'ura ce kamar waya mai auna kabon dayoksaid, iskar da muke fitarwa in mun numfasa. A waje takan nuna wajen 420, in ka shiga aji ka ga ta haura 1,000 tana ta hawa ka san yaran nan numfashin junansu suke maimaitawa, kuma kada ka yi mamaki in suna gyangyaɗi ƙarfe sha ɗaya.

Na san abinda za a ce, don an faɗa min da na kawo maganar a majalisarmu. Wani ya ce kai Malam so kake ka buɗe wa ma'aikata sabuwar hanyar karɓar na goro, duba-garin zai zo a ba shi dubu biyu ya sa hannu ya tafi. Wannan tsoro gaskiya ne kuma ba zan ce ba zai faru ba. Amma ba mu rushe asibiti don akwai ma'aikacin da ke karɓar cin hanci ba, abinda ake yi shi ne a sa ƙa'idar ta zama gajera kowa ya san ta, a rubuta da Hausa a karanta a rediyo, ta yadda ɗan haya da kansa zai iya aunawa ya kai ƙara wajen mai unguwa ko kotu, kuma a manna takardar dubawar a ƙofar gida da sunan jami'in da ya sa hannu don in wani abu ya faru a san wa za a tambaya. Wani kuma ya ce haya za ta ƙara tsada. Wataƙila ɗaki tara ya koma takwas, eh. Amma kuɗin da muka kashe a asibiti a kwana uku ya fi abinda za a kashe a fasa bango a sa taga.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta sutura, mutum ba ya son tagarsa ta kalli tsakar gidan maƙwabci ko a leƙo masa iyali, kuma wannan haƙƙi ne. Sai dai malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun daɗe da warware ta, sun yi magana kan tagar da ke tsinkayar gidan wani suka ce a ɗaga ta sama yadda mai tsaye ba zai hango ba, ba su ce a zauna a kabari ba. Kuma su ɗin dai sun yi hukunci kan hayaƙin gidan wanka da tanderun burodi da warin majema in suna cutar da maƙwabta, duk a ƙarƙashin hadisin la darara wa la dirara, ba cuta ba cutarwa. In an hana tanderu cutar da maƙwabci da hayaƙi, ina ga inji da ke huci cikin tagar ɗakin da jariri ke kwance? Ina so in ji limamanmu sun ɗauki wannan a huɗubar Juma'a ko sau ɗaya a farkon hunturu da farkon bazara, don mai gidan hayan da ba ya tsoron KNUPDA yana sahun gaba a masallaci. Ɓarawo da sauro kuma ƙarfe da raga sun ishe su, bulo mai ƙofofi da ake jerawa a saman bango kamar yadda ake yi a tsofaffin ajujuwan firamare ko mage ba ta shiga ta nan balle mutum.

Ni dai da na je wajen mai gidan ƙanwata, dattijo ne mai mutunci, na gaishe shi na ce Baba alfarma nake nema a bar ni in fasa bangon ɗakin nan ta sama in sa bulo mai ƙofofi guda huɗu, sannan a cire fallen kwano biyu a saman lungu, ni zan biya. Ya yi shiru ya ce ɗana ai shekara goma sha ɗaya da gina gidan nan ba wanda ya taɓa ce min akwai matsala. Na yarda da shi, ba wanda ya taɓa ce masa. Ya amince da bulon, kwanon kuma ya ce a bari sai bayan damina. Birkila ya yi aikin a yini ɗaya, da yamma ƙanwata ta kira ni ta ce Yaya yau har labule na motsi. Sauran ɗakuna takwas ɗin suna nan yadda suke, kuma na ƙofar gida mai shagon caji ne, injinsa a lungun yake kwana.